Biri mai ganga: abin da mai zuwa kurmin Gashaka zai gani, da wanda sai dai ya ji

Mutanen Gashaka ba su damu da sunan da Turawa suka ba shi ba. Biri mai ganga suke ce masa, kuma duk wanda ya kwana a gefen kurmin Kwano ya san dalili. Da asuba, kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsu, sai a ji kuka ya taso daga cikin kwari. Yakan fara a hankali kamar mai haki, ya yi ta hawa har ya ƙare da ihu, sannan a ji dim-dim-dim kamar an doki tambari. Namijin ne ke dukan saiwar bishiya da hannu da ƙafa, irin faffaɗar saiwar nan da ke tasowa daga gindin manyan itatuwan kurmi kamar bango. Sautin yakan wuce kilomita guda. Yawancin masu zuwa Gashaka don wannan dabba, wadda a littattafai ake rubuta ta cimfanzi, iyakar rabonsu ke nan: su ji shi, su ga inda ya kwana, su ga tsinken da ya ci abinci da shi, shi kuwa ya riga ya yi gaba. Wanda ya san dalilin haka tun daga gida zai dawo da riba. Wanda ya tafi da tunanin gidan zu zai dawo yana cewa an ci kuɗinsa a banza.

Gandun dajin Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗa shi daga gandaye biyu da aka keɓe tun 1972, kuma har yau ƙasa biyu ce mai suna ɗaya. Ɓangaren Gumti na arewa, wanda ake shiga ta Toungo, daji ne irin wanda Bahaushe ya saba da shi, fili da ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka na kudu kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da rafuka. Ƙasar tana tashi daga kimanin mita 300 a bakin kogi har ƙololuwar Chappal Waddi mai mita 2,419, inda ya fi ko'ina bisa a Najeriya. Ruwan sama a nan yakan kusanci milimita 2,000 a shekara, wajen ninki biyu na abin da Kano ta saba samu. Ruwan nan ne ya raya kurmi a cikin kwaruruka da gaɓar rafuka, kurmin kuma shi ya riƙe birai. Mai neman birai kudu zai nufa, ta garin Serti.

Iri bakwai ne ake iya haɗuwa da su da rana, kowanne da inda ya fi so. Jan biri na fili ne, a ƙasa yake yini, kuma babu birin da ya kai shi gudu. Kirka tana bin bakin kurmi da gaɓar ruwa. Goggo ba ya zaɓe, yana kurmi yana gona. Baƙin biri, mai farin ɗigo a hanci kamar an shafa masa alli, da wanda masana ke kira mona, na saman itatuwa ne, sau da yawa ma garkensu a gauraye yake. Can ƙololuwa akwai biri mai roro, baƙi da farin gashi yana zubo masa a kafaɗa kamar alkyabba. Ganye yake ci, ganye kuma yana daɗewa bai narke ba, shi ya sa ake samunsa a zaune a reshe ɗaya na tsawon sa'o'i. Shi ne ya fi daɗin kallo ga mai haƙuri. Na bakwai shi ne mai gangar, kuma shi ne ke jawo rigima tsakanin baƙo da ɗan jagora.

Irin da ke Gashaka ba a samunsa a ko'ina sai Najeriya da Kamaru, kuma cikin rassan cimfanzi huɗu shi ne mafi ƙaranci, 'yan dubbai ne suka rage. Gashaka na cikin wuraren da suka fi riƙe su. To me ya sa ganinsu ke da wuya haka? Abu na farko yanayin zamansu. Binciken da aka fara a Kwano a shekarar 2000, ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'ar Landan, ya ƙiyasta cewa dangin da ke wurin kimanin 35 ne, suna yawo a cikin murabba'in kilomita 26. Ba sa tafiya a dunƙule kamar garken shanu. Da safe sukan rarrabu uku-uku, hurhuɗu, wata uwa ma ita kaɗai da ɗanta, su sake haɗuwa inda ɓaure ko ciwo ya nuna, su sake watsewa. Gangar nan da ihun hanyar sanar da juna ce inda kowa yake. Saboda haka abin da mutum ke nema 'yan ƙananan ƙungiyoyi ne masu motsi, a ƙasar da sai an hau tudu an gangara kwari kafin a ci kilomita ɗaya, su kuma sun ji takunka tun kafin ka san suna kusa.

Abu na biyu shi ne sabo. A dajin Kibale na Yuganda, masu yawon buɗe ido suna ganin cimfanzi kusan kullum, su tsaya kusa da shi yana cin abinci ko a jikinsa. Ba haka Allah ya halicce shi ba, sabar masa aka yi. Ana ɗaukar mutane su riƙa bin dangi guda kullum, daga inda suka tashi zuwa inda suka kwana, ba abinci, ba tsokana, har dabbar ta daina ɗaukar mutum a matsayin abin tsoro. Ga cimfanzi wannan aiki yakan ci shekara biyar ko fiye. An gwada a Kwano, kuma a shekaru biyun farko haɗuwa ɗaya ba ta cika kai rabin sa'a ba kafin su ɓace. Na Gashaka ba su kai ga irin sabon na Kibale ba.

Baƙo zai iya ganin wannan gazawa ce. Amma sabo yana da tsada, kuma dabbar ce ke biya. Birin da ya daina gudun mai littafi da alƙalami ya daina gudun mai bindiga, don ba ya bambanta su, sabo da kaza kuma ba ya hana yanka ta. Duk inda aka sabar wa dangi da mutane, an ɗauki alkawarin gadinsu kullum har abada, ko kuɗin bincike ya ƙare, ko tsaro ya taɓarɓare. A wurin da ba a da tabbacin cika wannan alkawari, tsoron mutum shi ne garkuwar da ta rage musu. Galibin Musulmin yankin ba sa cin naman biri, wannan ya taimaka ƙwarai wajen wanzuwarsu, amma mafarautan da ke shigowa daga nesa don kasuwar naman daji ba ruwansu da wannan.

Sai cuta. Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum, a nan maganar ta wuce karin magana, don ƙwayoyin halittarmu da nasu sun yi daidai da fiye da kashi 98 cikin 100. Abin da ke kama mu yana kama su, ba su kuma da garkuwar jikin da muka tara. A 2013 mura irin tamu ta shiga wani dangin cimfanzi 56 a Kibale, ta kashe biyar. A dajin Tai na Kodebuwa an yi ta samun ɓarkewar cututtukan numfashi tsakanin 1999 da 2006, aka gano daga mutane suka fito. A 1966 cutar shan inna ta nakasa wasu ta kashe wasu a Gombe, ta Tanzaniya ba tamu ba. Abin da ya sa irin wannan asara ba ta gyaruwa da wuri shi ne jinkirin haihuwarsu. Macen sai ta kai shekara 13 ko 14 take haihuwar fari, cikinta wajen wata takwas, ɗa ɗaya take haifa, sannan ta yi shekara biyar zuwa shida kafin ta sake. A dangin da bai wuce 35 ba, mutuwar mata uku a damina ɗaya rami ne da za a yi shekara goma ba a cike ba. Shi ya sa mai mura, ko tari, ko gudawa, bai kamata ya shiga kurmin ba ko da ya biya kuɗin mota tun daga Sakkwato. Ya zauna a masauki ya warke.

Idan haka ne, me mutum zai je yi? Zai je karatu ne, kurmin kuma allo ne ga wanda ya sami ɗan jagora nagari. Darasin farko sheƙa. Duk cimfanzin da aka yaye yakan yi sabon makwanci kowane dare. Yakan zaɓi inda reshe ya rabu, ya lanƙwaso rassan da ke kewaye ya danne su da ƙafa, ya saƙa ƙanana a kai, ya shimfiɗa ganye, cikin minti biyar ya gama. Daga ƙasa za ka ga dunƙulen ganye kamar babban faifai, galibi tsakanin mita 5 da 20. Idan ganyen kore ne shar, kuma a ƙasa akwai kashi da warin fitsari, daren jiya aka kwana a nan. Idan ya yi yaushi, kwana biyu zuwa 'yan kwanaki. Idan ya yi ja ya bushe, makonni. Idan sai ƙirare, an yi watanni. Adadin sabbin sheƙu a wuri guda shi ne adadin manyan da suka kwana, ban da jarirai, don su a jikin uwa suke kwana har wajen shekara huɗu ko biyar. Da wannan ake ƙidayar su a inda ba a ganinsu: a bi layi miƙaƙƙe a ƙirga sheƙu, a raba da yawan kwanakin da sheƙa ke yi kafin ta ruɓe. A nan ne lissafi ke karkacewa, don sheƙar rani ta fi ta damina daɗewa, wata bishiyar ta fi wata riƙe ganye, wani lokaci kuma su kan yi ƙaramar sheƙar hutun rana. Wanda ya ari adadin kwanakin wani daji ya yi aiki da shi a Gashaka zai iya ninka yawan dabbobin a takarda alhali ko ɗaya bai ƙaru ba.

Darasi na biyu kayan aiki. Cimfanzin Gashaka mayen ƙwarƙwasa ne. Yakan samo sanda siririya miƙaƙƙiya, ya zage ganyenta, ya tsoma a ramin ƙwarƙwasa, su hau ta da fushi, ya zaro ya share su zuwa baki ya tauna da sauri kafin su cije shi. A bakin irin wannan rami za ka tarar da sanduna uku ko biyar a yashe, ƙasa a tone. Zuma kuma da kaya iri biyu yake nemanta: kakkaurar sanda ta faɗaɗa ƙofar gidan rakuwa, wannan ƙaramar ƙudan zumar da ba ta harbi, sai siririya mai bakin da ya tarwatse kamar asuwaki, wadda yake tsomawa ya lasa. Abin da ya ja hankalin masana shi ne abin da ba ya yi. Ba a sami alamar yana kamun gara da tsinke ba kamar na Gombe, ba ya kuma fasa ƙwara da dutse kamar na Tai. Kowane dangi da abin da ya gada daga iyaye, yaro yana zaune kusa da uwa yana kallo har ya iya. Idan aka nuna maka irin sandunan nan, ka duba ka ɗauki hoto, kada ka ɗauka. Masu bincike suna auna tsayinsu da kaurinsu a inda suke, ga kuma yawun dabba a jiki. Haka ma tuƙar da suke tofarwa bayan sun tsotse ruwan 'ya'yan itace, mai kama da tuƙar rake. Ɗanyarta tana nuna ba su yi nisa ba.

Darasi na uku na kunne ne, malaminsa kuma baƙin biri. Kowane garke namiji babba ɗaya gare shi, yana da kira biyu masu ƙarfi. Ɗaya kamar "piyau", ɗaya kamar "hak". Jerin "hak" yakan biyo bayan ganin gaggafar kurmi mai ɗaukar birai, jerin "piyau" kuma ya fi zuwa idan abin tsoron na ƙasa ne, kamar damisa. A Gashaka ne Kate Arnold da Klaus Zuberbühler suka gano cewa idan namijin ya haɗa su, "piyau" kaɗan sannan "hak" kaɗan, saƙon ya canza gaba ɗaya, ya zama "ku tashi mu tafi". Sun tabbatar da haka ta hanyar naɗar kiran su sake kunna wa garken, suka buga sakamakon a 2006, ya zama abin da masu nazarin asalin harshe ke yawan kawowa. Amfaninsa ga baƙo a fili yake. In ka ji haɗin nan, garken zai motsa nan ba da daɗewa ba, sai ka tsaya inda kake da sarari a sama ka jira su tsallaka, maimakon ka kutsa cikin sarƙaƙiya ka kore su.

Goggo kam za a gan shi har a gaji. Garke biyu aka sabar wa mutane don bincike, ɗaya a cikin kurmin Kwano, ɗaya a Gamgam kusa da ƙauyen Gashaka, mai shiga gonaki. Da aka kwatanta su, matan garken da ke cin masara da rogon mutane sun fi saurin sake haihuwa, 'ya'yansu kuma sun fi rayuwa. Wato ɓarnar tana biyan goggo, don haka ba zai daina don an yi masa ihu ba, manomi kuma shi ke kwana a bukkar gadi. Baƙon da ya jefa masa ayaba don ya sami hoto ya ƙara wa manomin nan aiki ne. An kuma gano wani abin da zai ba Bahaushe mamaki game da ɗinya. A watannin da matan goggo ke yawan cin 'ya'yanta da ɗanyen ganyenta, wani sinadarin jikinsu yakan hau, kumburin da ke nuna sun shirya ɗaukar ciki ya ragu, kamar dai sun sha maganin tazarar haihuwa. Wannan a jikin goggo aka auna shi.

Zama da goggo yana da ladabi. Abinci a cikin jaka a rufe, ba a hannu ba, ba a leda mai ƙara ba. Idan babban namiji ya yi hamma ya nuna fiƙoƙi, ko ya ɗaga gira fatar idonsa ta yi fari, ko ya doki ƙasa da hannu, ba barci yake ji ba, gargaɗi ne. Ka kawar da ido, ka ja baya a hankali kana fuskantarsa, kada ka ruga. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗa. In tsautsayi ya sa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, kada a ɗinke a daji, a kama hanyar asibiti a ranar don allurar ciwon haukan kare da ta sandarewar jiki.

Lokacin zuwa daga Disamba ne zuwa Maris. Damina a nan doguwa ce, tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba ko Nuwamba, rafuka su cika, ciyawa ta fi mutum tsayi, hanyar ƙasa ta zama taɓo. A rani ana iya ratsa rafuka da ƙafa, ana kuma ganin nesa. Sai dai kowane wata da nasa. Disamba da Janairu akwai hazo mai rufe duwatsu da sanyin dare mai ratsa ƙashi, musamman a tudu, bargo ɗaya ba ya isa. Maris kuma zafi ne a kwari, ga wutar daji. Duk wanda ya ga hayaƙi a gabansa ya bi shawarar ɗan jagora, don wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu, kuma cikin kurmi mai damshi ko bakin rafi ya fi tsakiyar busasshiyar ciyawa aminci.

Daga Jalingo ana bin hanyar Bali zuwa Serti, hanyar da ke wucewa ta hau Mambilla. A ware mata rabin yini, a yi ta da rana, a kuma tuntuɓi ofishin gandun kafin a baro gida don jin halin tsaro da na hanya a wannan makon, ba na bara ba. A Serti ake biyan kuɗin shiga a karɓi izini, a haɗa mutum da renja, wato mai gadin daji, mai bindiga da ɗan jagora. Ba a shiga ba tare da su ba. A nan kuma ake sayen abinci na dukan kwanakin, da riƙe kuɗi a hannu, don gaba babu banki, sabis ɗin waya ma sai an dace. Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka hanyar ƙasa ce, sai mota mai tsayi irin Hilux ko babur, kuma akwai ƙetaren Mayo Kam, kogin da dorina ke zama a wani gurbinsa. A kan tudun da ke kallon ƙauyen akwai kangon sansanin Jamusawa, tunatarwa cewa yankin nan Kamarun Jamus ne a da, sai bayan ƙuri'ar 1961 ya tabbata a Najeriya. Daga Gashaka zuwa Kwano kimanin kilomita 11 ne, a kan tsohuwar turbar ƙafa mai hawa zuwa tuddai. A lissafa sa'a uku zuwa huɗu da kaya, a ɗauki 'yan dako daga ƙauyen, a daidaita kuɗinsu kafin a tashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa na kwana ɗaya. Mutum ya iso da azahar a gajiye, lokacin da kowane biri ya shige inuwa ya yi shiru, ya zaga sa'a biyu, ya juya. Aƙalla a yi kwana uku a cikin kurmi. Birai suna kiwo daga fitowar alfijir zuwa wajen ƙarfe 10, su huta, su sake tashi daga la'asar zuwa magariba. Don haka ana barin tanti da tocila bayan sallar asuba, a isa wurin sauraro a kan tudu kafin gari ya waye. Tafiyar cikin kurmi ba ta kasuwa ba ce: kilomita guda a sa'a, a tsaya bayan kowane taku hamsin ko ɗari a saurara. Kunne ke fara kamawa, ƙarar reshe da aka saki, ɓawon 'ya'yan itace yana faɗowa tif-tif, sannan ido ya bi. Mutum huɗu sun isa ƙungiya, shida sun yi yawa, kuma waya a kashe ƙararta. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi kyamarar waya amfani nesa ba kusa ba, don a duhun kurmi abin da waya za ta ɗauko baƙin ɗigo ne a cikin ganye.

Tufafi masu launin ƙasa ko kore, dogon hannu da dogon wando. Shuɗi da baƙi suna jawo tsando. A bakin rafuka masu gudu akwai ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai cizo da rana, wanda ke yaɗa cutar makantar kogi, kwarin Taraba kuma sananne ne da ita, don haka wanka a rafi a yi shi a gaggauce a rufe jiki. A cusa ƙafar wando cikin safa saboda ƙwarƙwasa da kaska. In ka ga jerin ƙwarƙwasa ya ratsa hanya, ka tsallake da sauri, kada ka tsaya kallo a kusa, don masu gadin gefe sun riga sun hau takalminka. In suka shigo sansani da dare, ba a faɗa da su, a ɗauke abinci a ba su wuri su wuce. Sabon takalmi a wannan ƙasa azaba ne, wanda ƙafa ta saba da shi ake zuwa da shi. Ruwa lita uku a yini ga kowane mutum, na rafi a tafasa, a riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro dole ne. Allurar shawara kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin a kurmi cutar tana zagayawa ne tsakanin birai da sauro, kuma allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Bahaya a tona rami mai zurfin santimita 30, nesa da ruwa, a binne. Ɓawon ayaba da guntun burodi a dawo da su, don ta nan ma cutarmu ke isa gare su.

Renjan nan da bindiga ba don damisa yake tafe ba. Gandun ya sha fama da mafarauta, da masu haƙar ma'adinai ba izini, da masu saran madobiya, itacen da 'yan katako ke kira madrid, wanda aka yi ta lodinsa daga Taraba zuwa Sin har yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsa daga 2017. An kashe ma'aikatan gandun a bakin aiki. A 2017 ne hukumar gandayen ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar ANI mai aikin kare namun daji don a gudanar da wurin tare, aka ƙara horar da renjoji da ba su kayan sintiri. Akwai kuma matsugunan da doka ta amince da su a cikin gandun, irin su Chappal Hendu da Filinga, inda Fulani makiyaya da manoma ke zaune tun kafin a shata iyaka. Tsakaninsu da hukuma akwai tsohuwar muhawara kan kiwo da ƙunar daji da ɓarnar namun daji a gona, baƙon kwana uku kuma ba shi ne zai raba ta ba. Nasa shi ne sallama, gaida ardo ko mai gari, da neman izini kafin ɗaukar hoton mutum ko shanunsa. Wanda ƙafarsa ba za ta iya Kwano ba yana iya wucewa Mambilla, kusa da ƙauyen Yelwa akwai ƙaramin kurmin Ngel Nyaki mai tashar bincike, inda ake ganin baƙin biri da mona da kirka ba tare da doguwar tafiya ba, da ɗan ƙaramin dangin cimfanzi da su ma sai an yi sa'a.

Wata rana kuma sa'ar takan zo. Ɗan jagora ya ɗaga hannu, ka duba inda yake nunawa da leɓe, ka ga baƙar fuska tana kallonka ta tsakanin ganye. A nan kada a matsa masa ya ƙara kusa, kada kuma a yi masa alkawarin goro in ya bi su. Ƙa'idar da IUCN, ƙungiyar kare muhalli da namun daji ta duniya, ta fitar a 2010 ta ce kada a kusanci manyan birai ƙasa da mita 7 in ana sanye da takunkumi, mita 10 in babu, kada a wuce sa'a ɗaya, kuma ban da yaran da ba su kai shekara 15 ba. Da na Gashaka da wuya ma su bari a kai nan. A sa takunkumi, a tsuguna, a rage tsayi, a daina nuni da yatsa, a kashe hasken kyamara. In atishawa ta zo, a juya baya a toshe da gwiwar hannu. Namiji yana iya tayar da gashi, ya ja reshe, ya rugo ta gefenku ya doki saiwa. Burga ce mafi yawan lokaci, amsarta kuma a zauna cik ido a ƙasa, don gudu shi ke jawo bi. Uwa mai goyo ita ce za ta fara sulalewa, sauran su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Idan sun tafi, a ba su minti goma kafin a matsa gindin bishiyar, a nan za a tarar da ɓawon abin da suke ci, da tuƙa mai ɗumi, da sawun gaɓoɓin yatsu huɗu a jere cikin laka.